Layi biyu a kan bulot: wanne ne SRC-3 na gaskiya?

Dalibar_Furotin: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aikin digiri na biyu a kan dalilin da ya sa wasu sel na sankarar mama suke daina jin maganin tamoksifen, kuma furotin ɗin da na sa a gaba shi ne SRC-3, wanda wasu takardu suke kira AIB1, wasu kuma NCOA3. Antibodin da muke da shi, wato abin da muke kama furotin ɗin da shi don a gan shi, polikulonal ne na zomo, ma'ana gaurayen antibodi masu kama gurabe daban-daban a jikin furotin. Idan na yi westan bulot, wato gwajin da yake raba furotin bisa nauyi ya nuna su a matsayin layuka, da ruwan sel na sankarar mama da ake kira MCF-7, layi biyu nake gani: mai kauri a wajen kilodalton 160, da siriri a wajen 130. Da na sa siRNA, wato guntun RNA mai rage ginin SRC-3, na sama ya ragu amma bai ɓace ba, na ƙasa kuwa ko gezau bai yi ba. Shin na ƙasan nan wani furotin ne daban da antibodin ya kama? Sannan malamin da yake duba aikina yana so mu rina yankan nama na marasa lafiya da wannan antibodin, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ina neman shawararku.

MaiBulot: Wa alaikumus salam. Malama, kafin ki damu da na ƙasa, ki fara tuhumar na sama. Dangin nan su uku ne, SRC-1 da SRC-2 da SRC-3, kuma tsawonsu ya yi kusa ƙwarai: amino asid 1441 da 1464 da 1424. Dukkansu a wajen 160 suke tsayawa a kan jel, abin da ya sa ake kiransu dangin p160 ke nan. Saboda haka fitowar layi a wannan wuri ba ta gaya miki wanne daga cikinsu kike kallo ba. Farkon furotin ɗin, wato ɓangaren bHLH-PAS, shi ne inda suka fi kama da juna, kuma idan da wannan ɓangare aka yi wa zomon allura, babu mamaki abin da ya saura bayan siRNA ya zama SRC-1 ne ko SRC-2. Ki duba takardar kamfanin ki gaya mana ɓangaren da aka yi amfani da shi.

Dalibar_Furotin: Na duba. An rubuta cewa daga ƙarshen furotin ɗin aka ɗauko guntun, amma ba a faɗi daga amino asid na nawa zuwa na nawa ba.

Dr_Kuromatin: To, wannan bayani ya sauya lissafi. Akwai wani gajeren nau'in SRC-3 da rukunin Anna Riegel na Jami'ar Georgetown suka bayyana a 2001, wanda yanzu aka fi sani da SRC-3Δ4. Yayin tace RNA ne ake tsallake ɗaya daga cikin sassansa, wato ekson na 4, sai ginin furotin ya fara daga gaba, ya fito babu amino asid 223 na farko, nauyinsa kuma ya koma wajen kilodalton 130. Antibodin da yake kama farkon furotin ba zai taɓa ganinsa ba, amma mai kama ƙarshe irin naki zai gan shi. Ba ƙaramin abu ba ne a binciken sankara, domin wani aiki na 2010 ya nuna yana zama a gefen sel yana haɗa wasu furotin biyu masu isar da saƙo, EGFR da FAK, wato yana da hannu a tafiyar sel daga wuri zuwa wuri. Abin da nake so ki bincika shi ne inda siRNA ɗinki yake sauka. Idan a cikin ekson na 4 yake, to dole ne ya rage dogon ya bar gajeren yadda yake.

Kimiyyar_Sel: Ni ina ganin an yi saurin tafiya zuwa Δ4. Babban furotin ne mai saurin lalacewa, kuma mafi yawan jikinsa ba shi da tsayayyen naɗi, don haka enzayim masu yanka furotin suna samunsa cikin sauƙi idan ruwan sel ya ɗan jima ba a kan ƙanƙara ba. Ki fasa wasu sel kai tsaye a cikin ruwan SDS mai zafi, wato sinadarin da yake warware furotin, ki jera su da waɗanda kika fasa ta hanyar da kika saba. Game da na sama kuma, kada ki manta MCF-7 yana cikin sel ɗin da ƙwayar gadon NCOA3 ta ninka a cikinsu, saboda haka raguwa ba tare da ɓacewa ba abu ne da aka saba gani.

Dr_Kuromatin: Gwajin SDS mai zafi yana da kyau, kuma ba ya cin lokaci. Sai dai Malam Kimiyyar_Sel, da na ƙasan gutsuren na sama ne, ai da ya ragu tare da shi lokacin da siRNA ya rage uwar. Ta ce bai motsa ba. Wannan ya bar mu da abu biyu: ko Δ4 ne da siRNA bai taɓa ba, ko kuwa baƙon furotin ne.

Tsohon_Malami: Bari in ɗan koma baya, domin masu tasowa su ga inda matsalar aunawa ta samo asali. A 1995 ne ɗakin binciken Bert O'Malley da ke Kwalejin Likitanci ta Baylor a Amurka ya gano SRC-1, ta hanyar neman furotin da yake manne wa makarɓin furojestaron. SRC-2 ya biyo baya a 1996 daga wurare biyu, a Faransa aka sa masa TIF2, a Amurka kuma GRIP1. SRC-3 kuwa rukunoni da dama ne suka same shi kusan lokaci guda a 1997, kowa da sunan da ya ba shi. Aikinsu ɗaya ne a dunƙule: idan hormon ya shiga makarɓinsa, makarɓin yana sauya siffa, sai SRC ɗin, wanda mataimakin makarɓin ne, ya kama shi da gajerun jerin amino asid na LXXLL guda uku da ke tsakiyarsa, sannan ya janyo enzayim irin su p300 ko CBP da CARM1 su sassauta kuromatin, wato naɗin DNA, don a karanta ƙwayar gado.

Abin da nake so a lura da shi shi ne rahoton 1997 na rukunin Paul Meltzer, wanda kusan kowace takarda take ambata. Sun sami ninkin ƙwayar gadon SRC-3, wadda take kan kuromosom na 20, a kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarin mama, sannan yawan bayyanarta a kashi 64 cikin ɗari. To wannan adadi na biyu daga RNA aka auna shi, babu antibodi a ciki. Da aka koma auna furotin ta hanyar rini, alƙaluman da aka riƙa samu sun bambanta sosai daga rahoto zuwa rahoto. Ɗalibi yakan karanta 64 ya shiga ɗakin gwaji yana jiran ya ga kusan biyu cikin uku na yankansa sun rinu, idan bai gani ba sai ya ƙara yawan antibodi har ya gani. Wannan ne abin da nake tsorata wa ɗalibai.

Likitar_Nama: Zan amsa tambaya ta biyu, tunda ita ce sana'ata. A'a, kada ki ɗauki antibodin nan ki zuba a kan naman marasa lafiya a halin da ake ciki. A kan bulot kina da nauyi da zai raba miki 160 da 130, amma a kan gilashi launin ruwan ƙasa ɗaya ne, ko SRC-3 ya kawo shi ko wani abu. Sannan furotin da aka warware da SDS daban yake da wanda fomalin ya ɗaure aka binne a kakin farafin, gurbin da antibodi yake kamawa yana iya buɗewa a can ya rufe a nan.

Makarɓin istirojin yana da ƙa'idar rini daga ASCO da CAP, ƙungiyoyin likitocin sankara da na binciken nama na Amurka: a sa nama a fomalin cikin awa ɗaya da cire shi, ya zauna daga awa 6 zuwa 72, kuma idan kashi 1 cikin ɗari na cibiyoyin sel sun rinu a ce yana nan. SRC-3 ba shi da irin wannan ƙa'ida, kowane rukuni da antibodinsa da ma'auninsa. Abin da nake yi shi ne in tara sel da aka goge musu ƙwayar gadon da waɗanda ba a goge ba, in ɗaure su da fomalin, in binne su a farafin kamar nama, in yanka, in rina su ranar ɗaya da yanayi ɗaya. A nan zan gwada tafasawa da ruwan sitiret mai pH 6 da kuma Tris-EDTA mai pH 9. Idan cibiyoyin waɗanda aka goge suka rinu, maganar wannan antibodi ta ƙare. Naman marasa lafiya amana ce, kuma idan bulok ɗin farafin mai ɗauke da naman ya ƙare ba a samun wani.

Sabon_Shiga: Ina neman afuwa idan tambayar ta yi sauƙi. Idan ta sayi monokulonal, ba a huta da duk wannan ba? An koya mana cewa shi gurbi ɗaya tak yake kamawa.

MaiBulot: Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa. Tun da Köhler da Milstein suka fito da hanyar a 1975, amfanin monokulonal shi ne abin da ka samu bana shi za ka samu baɗi, alhali polikulonal yana iya sauyawa idan jinin zomon farko ya ƙare aka koma na wani. Amma kama gurbi ɗaya bai hana wannan gurbi ya kasance a jikin wani furotin ba, musamman a dangi masu kama da juna irin waɗannan. Kuma idan gurbin ya rufe da fomalin, ko fosfet ya hau kansa, monokulonal ya makance gaba ɗaya. A 2023 rukunin YCharOS na Kanada sun gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, suna kwatanta sel na asali da waɗanda aka goge musu ƙwayar gado. Fiye da rabi sun gaza a aƙalla hanyar aiki ɗaya, kuma waɗanda aka haɗa daga sanannen jerin DNA, wato rikombinan, su ne suka fi yin abin kirki. Ba a kan SRC suka yi aikin ba, amma babu dalilin zaton namu sun fi. Na taɓa karɓar sabon rukuni na wani polikulonal daga kamfanin da muka daɗe muna saya, lambar kaya ɗaya, ya zo da layukan da tsohon bai taɓa nunawa ba. Shi ya sa nake rubuta lambar rukuni da lambar RRID, wato lambar shaidar antibodin, a kowane rahoto.

Likitar_Nama: Don a ga abin da wannan yake jawowa a asibiti, a dubi tamoksifen ɗin da ita Malama take aiki a kai. Binciken Kent Osborne da abokan aikinsa na 2003, a kan marasa lafiya 316, ya nuna waɗanda suka sha tamoksifen kuma AIB1 ya yi yawa a ƙarinsu, musamman tare da yawan HER2, wani makarɓi mai ingiza girman sel, cutar ta fi saurin dawo musu. Da westan bulot suka auna. A 2010 kuma wani bincike daga Suwidin, a kan matan da ba su daina al'ada ba, wanda ya yi amfani da rinin nama, ya sami cewa masu yawan AIB1 sun amfana da tamoksifen sosai. Har yau ba a auna SRC-3 a asibiti don zaɓar wa mace magani, kuma ina ganin rashin daidaitaccen ma'auni yana cikin dalilai.

Mai_Kididdiga: Likita, a nan ban yarda da ke gaba ɗaya ba. Bambancin waɗannan bincike biyu ya wuce antibodi. Na Suwidin ya fito ne daga gwajin da aka raba mata ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha tamoksifen wasu kada su sha, na 2003 kuwa waiwaye ne a kan naman da aka adana, inda likitoci ne suka zaɓi wanda za a ba magani. Shekarun matan ma ba ɗaya ba ne, kuma yawan istirojin a jikin macen da take al'ada ba daidai yake da na wadda ta daina ba. Ko da antibodi ɗaya aka yi amfani da shi, ana iya samun wannan saɓani. Idan muka ɗora wa antibodi laifin kowane saɓani, za mu rasa abin da halittar kanta take nuna mana.

Likitar_Nama: Na ce yana cikin dalilai, kuma abin da ka kawo game da tsarin binciken gaskiya ne. Abin da ya sa nake nauyaya wannan ɓangare shi ne abin da ya faru da makarɓin istirojin na biyu, ERβ. An shafe kusan shekara ashirin ana wallafa rahotanni a kan rawar da yake takawa a sankarar mama. A 2017 masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su, suka tarar ɗaya kaɗai ne yake kama shi shi kaɗai a rinin nama, kuma da wannan ɗayan ba su ga furotin ɗin a naman mama ba. Wannan maƙwabcin fagenmu ne na kusa, mutane ɗaya ne da hanyoyi ɗaya.

Dr_Kuromatin: Tunda an ambaci goge ƙwayar gado, akwai tarko biyu da suka shafi SRC-3. Na farko, yawancin masu tsara CRISPR, hanyar da ake goge ƙwayar gadon da ita, suna yanka ne a ekson na farko-farko, kuma idan yankan ya faɗa kafin inda Δ4 yake farawa, ana iya kashe dogon a bar gajeren da rai. Sai mutum ya ga layi a 130 a cikin sel da yake zaton babu komai, ya yanke wa antibodi mai kyau hukuncin ƙarya. A yanka a ekson da nau'o'in biyu suke tarayya a kai. Na biyu, dangin suna cike wa juna gurbi: tun a ɓerayen da aka goge wa SRC-1 a 1998 an ga SRC-2 ya ƙaru a wasu sassan jiki. Idan antibodin yana ɗan kama ɗan'uwan, layin 160 ba zai ragu yadda ake zato ba. Hanyar da ta fi kwantar mini da hankali ita ce a rage kowanne daga cikin ukun shi kaɗai, a jera samfuran a jel ɗaya, a gwada antibodi uku a kansu.

Ga mai niyyar yin ChIP kuma, wato gwajin gano inda furotin yake zama a kan DNA, a tuna SRC ba ya taɓa DNA da kansa, a jikin makarɓi yake rataye. Fomaldihaid shi kaɗai sau da yawa ba ya riƙe shi, shi ya sa ake fara ɗaurewa da DSG, sinadarin da yake ɗaure furotin da furotin. Tun aikin rukunin Myles Brown na 2000 an ga AIB1 yana hawa yana sauka a kan ƙwayoyin gadon da istirojin yake kunnawa, saboda haka mintin da aka ɗauki samfur bayan sa hormon yana sauya sakamako.

Fosfo_857: Ina karanta ku tun daga sama, kuma kowa yana magana a kan yawan furotin. A ganina tambayar tamoksifen ta fi karkata ga ko furotin ɗin a kunne yake. A 2004 an bayyana wurare shida da fosfet yake hawa a jikin SRC-3: T24 da S505 da S543 da S857 da S860 da S867. Hanyar isar da saƙo ta HER2 da MAPK tana cikin masu kunna shi ta wannan hanya, kuma wannan ne bayanin da aka fi bayarwa a kan abin da Osborne ya gani. A 2018 ma an nuna enzayim ɗin PFKFB4, wanda aka sani da aikin sarrafa sukari, yana sa fosfet a S857. Sel biyu suna iya nuna layi mai kauri ɗaya alhali aikin furotin ɗin ya sha bamban. Malama, ki nemi antibodi mai gane fosfet ko da na wuri ɗaya ne, ki tabbatar da shi ta hanyar wanke rabin samfur da fosfatez, da kuma furotin da aka sauya masa serin ɗin, wato amino asid ɗin da fosfet yake hawa, da alanin.

Tsohon_Malami: A cikin sel da ake reno na amince da wannan. A naman farafin da ya daɗe a ajiye kuwa ba na ba da shawara, domin fosfet yana sauyawa cikin mintuna bayan an yanke jini daga nama, kuma ba kasafai ake samun rubutaccen lokacin da kowane nama ya shiga fomalin ba. Abin da za ta auna zai zama jinkirin ɗakin tiyata. Ta fara tsayar da ma'aunin furotin ɗin gaba ɗaya tukuna. Kuma ta gaya mana irin ruwan da take renon sel ɗin a ciki, domin tun 1986 aka san jan launin fenol yana aiki kamar istirojin mai rauni a kan MCF-7, kuma hormon yana taɓa yawan SRC-3 da saurin rushewarsa.

Mai_Furostet: Mu da muke aiki a kan SRC-2 muna da irin wannan matsala ta wata fuska. Binciken 2010 na cibiyar Memorial Sloan Kettering ya nuna NCOA2 yana ƙaruwa a sankarar furostet, musamman wadda ta bazu, kuma yana ƙarfafa aikin makarɓin androjin. A wasu cututtukan kuma ƙwayar gadon tana karyewa ta haɗe da wata, kamar HEY1-NCOA2 a wani nau'in sankarar guringuntsi da KAT6A-NCOA2 a wata sankarar jini. Ƙarshen SRC-2 ne yake saura a waɗannan haɗe-haɗe, saboda haka antibodin farkon furotin ba ya ganinsu, na ƙarshe kuma yana nuna su a nauyin da ba a saba ba. Ni dai ba na aiki da antibodin da kamfani ya ƙi faɗin gurbin da yake kamawa. Ki rubuta musu ki tambaya, sau da yawa suna faɗin iyakar ɓangaren ko da ba su ba da jerin duka ba.

Dalibar_Furotin: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ruwan renon babu jan fenol, kuma ruwan jinin da muke sawa an tace shi da gawayi. Na kuma jera siRNA ɗin da jerin NCOA3, a cikin ekson na 4 yake sauka, kamar yadda Dr_Kuromatin ya yi hasashe. Na nuna wa malamina bayanin Likita, ya amince mu dakatar da rinin nama har sai mun sami sel da aka goge. Shin yanzu zan iya rubuta cewa layin 130 shi ne SRC-3Δ4?

Kimiyyar_Sel: Ba yanzu ba. Abin da kika samu ya dace da Δ4, amma ya dace da baƙon furotin daidai wa daida, domin shi ma siRNA na ekson na 4 ba zai taɓa shi ba. Sai kin sa siRNA na biyu da yake sauka can wajen ƙarshe, ki ga layukan biyu sun ragu tare.

MaiBulot: Ki haɗa da RT-PCR, gwajin gano RNA, mai firaima ɗaya a ekson na 3 ɗaya a na 5, ki ga ko gajeren RNA ɗin ma yana cikin sel ɗinki, sannan ki nemi antibodi na biyu da yake kama farkon furotin, wanda ya kamata ya nuna 160 kaɗai. Jel ɗin kuma kada ya wuce kashi 7 ko 8 cikin ɗari, ki bar shi ya yi tafiya sosai don layukan su rabu.

Dr_Kuromatin: Idan akwai na'urar auna nauyin gutsattsarin furotin a kusa da ku, ki janyo furotin ɗin da antibodin, ki yanko layin 130 daga jel ki aika. Idan gutsattsarin SRC-3 suka fito, kin san na gida ne. Sai dai rashin ganin gutsuren farkon furotin ba ya tabbatar da Δ4 shi kaɗai, domin na'urar ba ta ganin kowane gutsure ko da yana nan, don haka ki aika da layin 160 daga jel ɗin a matsayin abin kwatance. Maganar MaiBulot ta farko ma tana nan ba a amsa ta ba: ba mu san ko abin da ya saura a 160 SRC-3 ne ko ɗan'uwansa ba, kuma wannan samfur ɗin zai nuna idan akwai gutsattsarin SRC-1 ko SRC-2 a ciki.

Fosfo_857: Idan za ki aika samfur, ki sa maganin hana fosfatez a ruwan fasa sel tun daga farko, ki kuma raba waɗanda suka sha tamoksifen da waɗanda ba su sha ba. Gudu ɗaya zai iya nuna miki halin S857 ba tare da kin sayi wani antibodi ba, in dai kin gaya wa masu na'urar tun kafin su fara cewa kina neman gutsattsari masu fosfet.